Yadda Ake Binciken Gyare-gyaren Furotin a Naman Ƙwaƙwalwar Masu Larurar Tabin Hankali

Ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke ba da umarnin haɗa furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, amma siffofin furotin da ke aiki a jiki sun ninka wannan adadi sau da yawa, kuma babban dalilin haka shi ne gyaran da ake yi wa furotin bayan an gama haɗa shi. Ana maƙala masa wani ƙaramin sinadari a gurbi takamaimai, ko a cire wanda aka maƙala, sai aikinsa ya sauya: ya tashi ko ya kwanta, ya bar cikin ƙwayar halitta ya koma bangonta, ko a tura shi inda za a narkar da shi. Abin da ake maƙalawar yana iya zama fosfet, ko asetil, ko metil, ko sarƙar sukari, ko kitse, ko wani ɗan ƙaramin furotin da ake kira yubikwitin. Enzayim ɗin da ke maƙala fosfet kaɗai, wato kinas, sun haura 500 a jikin mutum.

Masu binciken tabin hankali sun damu da waɗannan alamomi da ake maƙala wa furotin ne saboda ƙwaƙwalwar mai sikizofireniya (larurar da ke sa mutum ji ko ganin abin da babu shi), ko mai baifola (larurar da ke sauya yanayin mutum tsakanin zumuɗi mai yawa da tsananin damuwa), ko mai ciwon damuwa mai tsanani, ba ta nuna irin tabon da ake gani ƙuru-ƙuru a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer. Babban binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2022 ya gano gurare 287 masu alaƙa da sikizofireniya, kuma da yawansu suna nuni ne zuwa ga mahaɗar jijiyoyi, inda saƙo ke tsallakawa daga wata ƙwayar jijiya zuwa wata, wurin da kusan komai ke tafiya ta hanyar maƙala fosfet da cire shi. Aikin Paul Greengard a kan furotin DARPP-32, wanda yana cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000, ya nuna cewa ta wannan hanya ce saƙon dofamin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwayoyin jijiya ke aika saƙo da su, ke ratsa ƙwayar jijiya. Magungunan baifola ma suna taɓa nan: a 1996 aka gano cewa litiyam yana toshe kinas ɗin GSK3, a 2001 kuma aka gano cewa balfurowet yana toshe enzayim ɗin da ke cire asetil daga histon, wato furotin ɗin da DNA ke naɗewa a kai.

Wahalar aikin ita ce ana yin sa ne a kan naman ƙwaƙwalwar mamata, alamomin kuma suna da saurin gogewa. Duk bambancin da mai bincike ya gani tsakanin naman mara lafiya da na mai lafiya yana iya fitowa daga cutar, ko daga yadda mutumin ya mutu, ko daga maganin da ya sha shekara da shekaru, ko daga hannun mai binciken kansa. Matakan da ke biye duka ƙoƙari ne na raba waɗannan huɗun.

Tambaya kafin nama

Kada a nemi nama sai an tsayar da tambaya ɗaya da za a iya rubutawa a jimla guda, wadda ta ambaci irin gyaran, da furotin ko rukunin furotin ɗin da ake nufi, da yankin ƙwaƙwalwar. Dalili kuwa shi ne kowane gyara yana da ruwan narkarwarsa, kuma abin da ke kare wani yana lalata wani, don haka gutsuren naman da aka narkar domin neman fosfet ba lallai ya yi amfani wajen neman kitse ba. Yankunan ana kiransu da lambobin taswirar da Korbinian Brodmann ya wallafa a 1909. A sikizofireniya an fi yawan duba yanki na 9 da na 46 da ke gaban ƙwaƙwalwa ta gefe, inda ake riƙe tunani na ɗan lokaci, sai yanki na 24 da na 22, da kuma hifokamfus, sashen da ke taimakawa wajen adana abin da aka tuna. A ciwon damuwa yanki na 25 ya ja hankali sosai. Yana da kyau a ƙara wani yanki da ba a sa ran cutar ta taɓa, kamar yankin gani na 17 da ke ƙeya, domin idan sauyin ya bayyana a ko'ina daidai wa daida, akwai yiwuwar yanayin mutuwa ne ya haifar da shi.

Inda ake samun naman

Naman yana fitowa ne daga bankunan ƙwaƙwalwa, inda ake adana ƙwaƙwalen da mutane ko iyalansu suka bayar da yardarsu. Akwai na Harvard da ke asibitin McLean a Amurka, wanda aka kafa a 1978, da na Holan da ke Amstadam tun 1985, da na Douglas-Bell da ke Montiriyal a Kanada, da tarin Cibiyar Lieber a Baltimo. Tun 2013 hukumar NIH ta Amurka ta haɗa wasu bankuna ƙarƙashin NeuroBioBank domin a nema ta ƙofa ɗaya. Tarin Cibiyar Stanley ya cancanci a tsaya a kansa, domin tsarinsa darasi ne: rukuninsa na farko ƙwaƙwale 60 ne, 15 na masu sikizofireniya, 15 na masu baifola, 15 na masu ciwon damuwa, 15 na masu lafiya, kuma ana aika naman da lambobin sirri, ba a faɗa wa mai bincike wane ne wane sai ya miƙa sakamakonsa. Ko da bankin da aka nema bai yi haka ba, mai bincike ya sa wani abokin aiki ya rufe masa sunayen rukunan.

A Najeriya akwai bankin ƙwaƙwalwa a Ibadan, sai dai an kafa shi ne domin binciken tsufa da cututtukan mantuwa, saboda haka wanda ke son naman masu tabin hankali zai nema ne daga waje, galibi ta hanyar haɗin gwiwa da wani ɗakin bincike. Za a buƙaci amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da yarjejeniyar miƙa samfuri a rubuce. Naman yana tafiya cikin busasshiyar ƙanƙara, ana ajiye shi a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma duk wanda ba shi da tabbacin wutar da za ta riƙe wannan firiza dare da rana, gara ya bar naman inda yake ya je ya yi aikin a can, domin narkewa sau ɗaya ta isa ta farkar da enzayim ɗin da ke goge alamomin.

Tare da naman, a nemi bayanin kowane mamaci: shekaru, jinsi, dalilin mutuwa da tsawon jinyar ƙarshe, sa'o'in da suka shige tsakanin mutuwa da daskarar da nama, ma'aunin tsamin naman wato pH, ɓangaren ƙwaƙwalwa na dama ko na hagu, tsawon zaman naman a firiza, magungunan da aka sha, sakamakon gwajin guba da ƙwayoyi a jini, da tarihin shan taba da barasa. Hanya mafi inganci ita ce a haɗa kowane mara lafiya da mai lafiya ɗaya da suka yi daidai a jinsi, suka kusanci juna a shekaru da tazarar mutuwa da pH, sannan a riƙa sarrafa su biyun tare a kowane mataki.

Abin da mutuwa ke yi wa alamomin

A nan ne mafi yawan bincike ke tuntuɓe. Da zarar jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, sinadarin ATP da kinas ke ɗebo fosfet daga gare shi yana ƙarewa cikin mintuna, amma fosfatas, wato enzayim masu cire fosfet, ba sa buƙatar ATP, don haka suna ci gaba da aikinsu a cikin gawa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa ba ta isa firiza sai bayan sa'o'i, sau da yawa fiye da yini guda.

Misalai biyu sun isa su sa mutum ya yi hattara. A 2004 Emamian da abokan aiki suka ba da rahoton cewa furotin AKT1 ya ragu a ƙwaƙwalen masu sikizofireniya, haka ma fosfet ɗin da ke gurbin serin na 9 (serin ɗaya ne daga cikin tubalan da ake gina furotin da su) a jikin GSK3β, kuma wannan rahoto ya yi tasiri ƙwarai. A 2005 kuma ɗakin binciken Richard Jope ya nuna a ɓeraye cewa fosfet ɗin wannan gurbin yana zubewa cikin mintuna kaɗan bayan mutuwa, har ma maganin sa barci yana sauya shi. Wannan bai rushe rahoton farko ba, amma ya nuna cewa abin da ake aunawa a naman mutum saura ne kawai na abin da ke nan lokacin da yake raye. Misali na biyu ya girme shi: a 1994 masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya suka duba furotin tau, wanda ke dunƙulewa a cutar Alzheimer, a naman da aka ciro daga masu rai lokacin tiyata, suka tarar yana ɗauke da fosfet a gurare da dama da a baya aka ɗauka masu cutar Alzheimer kaɗai ke da su. Ashe tau na masu lafiya yana zubar da fosfet ɗinsa ne bayan mutuwa, na masu cutar kuma da ya dunƙule yana riƙe nasa.

Abin yi shi ne gwajin share fage kafin a taɓa naman mutum ko guda. A ɗauki ɓeraye, a bar ƙwaƙwalensu na lokuta daban-daban bayan mutuwa, misali nan take, da minti 10, da sa'a 1, da sa'a 6, da sa'a 24, da sa'a 48, wasu a zafin ɗaki wasu a sanyin firijin ajiye gawa, sannan a auna ainihin gurbin da ake son bincika. A ɓeraye ana iya samun ma'aunin farawa na gaskiya ta hanyar kashe enzayim ɗin nan take da zafin maikurowef da aka tattara a kan kai, abin da ba ya yiwuwa a mutum. Idan alamar ta faɗi warwas cikin minti 10, a sauya tambaya. Idan ta ragu sannan ta tsaya a wani mataki na tsawon sa'o'i, ana iya ci gaba, amma a rubuta wannan a fili cikin rahoto. Sarƙoƙin sukari da metil ɗin da ke kan histon sun fi fosfet juriya, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa aikin ɗakin binciken James Meador-Woodruff na Jami'ar Alabama da ke Bamingam, wanda ya samu sauyi a sukarin da ke kan furotin masu kwashe gulutamet, wani sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa, da masu karɓar saƙonsa, ya fi sauƙin karewa a wannan fuska.

Batun pH yana da sarƙaƙiya. Wanda ya daɗe yana jinya cikin ƙarancin iskar oksijin kafin ya cika, ƙwaƙwalwarsa tana tara sinadarin laktet, naman ya yi tsami, shi ya sa aka saba ɗaukar pH a matsayin shaidar wahalar fitar rai, a cire tasirinsa a lissafi. Amma a 2018 wata ƙungiya a Jami'ar Fujita ta Japan ta nuna cewa ɓerayen gwaji masu siffofin tabin hankali, waɗanda ba su taɓa shan magani ba kuma aka kashe su ta hanya ɗaya da 'yan uwansu, su ma ƙwaƙwalensu sun fi tsami. Ke nan wani ɓangare na tsamin yana iya zama na cutar ne, kuma wanda ya cire shi a lissafi yana iya zubar da abin da ya fito nema. A ganina abin da ya dace shi ne a yi lissafin sau biyu, da pH da kuma babu shi, a nuna wa mai karatu duka biyun.

Magani da taba

Kusan duk mai sikizofireniya da ƙwaƙwalwarsa ta isa banki ya shafe shekaru yana shan magani, magungunan kuma suna aiki ne a kan hanyoyin da ake bincika. Ana bin wannan ta hanyoyi uku da ke ƙarfafa juna. Ana mayar da duk magungunan zuwa ma'auni ɗaya na kwatankwacin kulofuromazin, wani tsohon maganin sikizofireniya, a duba ko alamar tana bin yawan maganin. Ana ware waɗanda gwajin jini ya nuna babu magani a jikinsu lokacin mutuwa. Sannan ana ba ɓeraye allurar maganin sikizofireniya halofiridol mai daɗewa a jiki na tsawon watanni a auna alamar a ƙwaƙwalensu. Birran da aka ba halofiridol ko olanzafin a Jami'ar Fitsbag na kimanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu sun nuna raguwar girman ƙwaƙwalwa da kusan kashi 10 cikin 100, abin da ke nuna cewa tasirin magani ba ƙarami ba ne. Taba ma haka, domin masu sikizofireniya sun fi sauran jama'a shan ta nesa ba kusa ba.

A kan teburin aiki

A yanka naman yana daskare, a kan busasshiyar ƙanƙara, a raba toka-tokan ɓangaren da ke sama da farin da ke ƙasa, domin ɗan bambanci a yawan farin da ya shiga samfuri yana sauya sakamako fiye da yadda cutar za ta sauya shi. A daka shi ya zama gari cikin ruwan naitirojin, a rarraba garin kashi-kashi tun daga farko yadda ba za a sake narkar da wani kashi sau biyu ba.

Ruwan narkarwa dole ya ƙunshi masu toshe enzayim ɗin da ke goge alamar da ake nema, kuma a zuba su kafin nama ya shiga. Domin fosfet ana sa sodiyam fulorayid, da beta-giliserofosfet, da sodiyam otobanadet wanda ke kare fosfet ɗin da ke kan tubalin tairosin, ko a yi amfani da haɗaɗɗen ƙwayar PhosSTOP. Domin asetil ana sa tirikostatin A tare da nikotinamayid, saboda iyalan enzayim biyu ne ke cire shi kuma kowanne da abin da ke toshe shi. Domin yubikwitin ana sa N-etilmaleyimayid. Mai neman kitsen falmitet ya nisanci sinadarin DTT mai yawa, domin yana tsinke igiyar da ke riƙe kitsen. Narkarwa cikin SDS, wani sinadari mai kama da sabulu, mai zafi ko yuriya mai ƙarfin mola 8 tana kashe enzayim ɗin gaba ɗaya, sai dai kada a ɗumama yuriya, domin da zafi tana maƙala wa tubalin laisin wani sinadari mai nauyin dalton 43.006 (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙananan sinadarai), wanda ke toshe gurbin kuma yake dab da nauyin asetil, wato 42.011.

Akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa. Bayan enzayim tirifsin ya yanka furotin gutsi-gutsi domin a auna nauyin gutsattsarin, yubikwitin yana barin ɗan saura mai nauyin dalton 114.043 a kan laisin, kuma da wannan ake gane shi. A 2008 aka nuna cewa ayodo-asetamayid, wanda ake amfani da shi kullum wajen shirya samfuri, yana iya barin alama mai wannan nauyi daidai, don haka a yi amfani da kuloro-asetamayid a madadinsa. Ko an yi hakan, a tuna cewa NEDD8 da ISG15, ƙananan furotin masu kama da yubikwitin, su ma suna barin saura iri ɗaya.

Idan tambayar ta shafi mahaɗar jijiyoyi, a ware mahaɗun ta hanyar juya samfuri a cikin ruwan sukari mai hawa-hawan kauri, domin sauyin da ke faruwa a wurin yana nutsewa idan aka narkar da naman gaba ɗaya.

Aunawa

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce westan bulot, inda ake raba furotin bisa girmansu a cikin jel, a mayar da su kan wani falle, sannan a nemo wanda ake so a matsayin layi da antibodi, wato furotin garkuwar jiki mai gane gurbi ɗaya. A toshe fallen da BSA, wani furotin daga jinin shanu, maimakon madara, domin kesin da ke cikin madara shi kansa yana ɗauke da fosfet, a kuma yi wanki da ruwan TBS wanda babu fosfet a cikinsa. Kafin a yarda da antibodi, a ɗauki kashi ɗaya na samfuri a sa masa lamda fosfatas domin ya cire fosfet ɗin: idan layin bai ɓace ba, antibodin ba fosfet yake gani ba. A koyaushe a auna jimillar furotin ɗin tare da mai ɗauke da alamar, domin raguwar alama tana iya zama raguwar furotin ne kawai. A sa kowane mara lafiya kusa da abokin haɗinsa a jel ɗaya, tare da samfurin gamayya da ke bayyana a kowane jel.

Domin sukari ana amfani da enzayim biyu. Endo H yana cire sarƙoƙin da ba su gama nuna ba, irin na furotin da bai wuce matakin farko na hanyar fitarwa ba, shi kuwa PNGase F yana cire kusan duk sukarin da ke kan tubalin asfarajin. Gwada yadda layin ke matsawa bayan kowannensu yana nuna ko furotin ya kammala tafiyarsa zuwa bangon ƙwayar halitta ko ya maƙale a hanya.

Wanda ke son ganin dubban gurare lokaci guda zai koma ga na'urar auna nauyin gutsattsarin furotin, wadda masu aikin ke kira mas-sifek. Gutsattsarin da ke ɗauke da alama kaɗan ne a cikin taro, don haka sai an tace su tukuna: masu fosfet da ƙwayoyin taitaniyam dayoksayid ko na ƙarfe, masu asetil da masu sauran yubikwitin kuma da antibodi. Tambarin TMT, wato alamar sinadari da ake maƙala wa kowane samfuri domin a bambance shi, yana ba da damar haɗa samfura 16 ko 18 a gudu ɗaya na na'urar, kuma wajibi ne kowane gudu ya ƙunshi marasa lafiya da masu lafiya a cakuɗe, domin wanda ya sa marasa lafiya a ranar Litinin, masu lafiya a ranar Laraba, bambancin ranakun zai auna. Na'urar ta kasance mai iya bambance ƙananan nauyi, tunda fosfet 79.966 ne, salfet kuma 79.957, asetil 42.011, metil uku kuma 42.047. A ajiye wani kashi da ba a tace ba domin auna jimillar furotin.

Akwai hanya ta uku da ke kauce wa matsalar zubewar fosfet. A 2006 Chang-Gyu Hahn da abokan aikinsa suka narkar da yankakken naman gaban ƙwaƙwalwa a hankali, suka zuba masa sinadarin niyuregulin 1, suka auna sabon fosfet ɗin da ya hau kan ErbB4, furotin da ke karɓar saƙon wannan sinadari. Yawan furotin ɗin bai bambanta ba tsakanin rukunan biyu, amma martaninsa ya fi ƙarfi sosai a naman masu sikizofireniya, kuma martanin NMDA, ɗaya daga cikin masu karɓar saƙon gulutamet, ya ragu. Hanyar tana buƙatar nama mai kyau da hannu mai natsuwa.

Lissafi da fassara

A manhaja irin MaxQuant, mai fassara bayanan mas-sifek, ana tsayar da iyakar kuskuren ganewa a kashi 1 cikin 100, kuma ba a karɓar gurbi sai yiwuwar cewa alamar a nan take ta kai 0.75. Tunda ana gwada dubban gurare, a gyara sakamakon da dabarar Benjamini da Hochberg, mai rage yawan bambancin da ke fitowa bisa dace kawai, a kuma shigar da shekaru, jinsi, tazarar mutuwa da lambar gudu cikin lissafin. Kada a tsaya ga matsakaicin rukuni kawai, a zana kowane mutum a matsayin ɗigo. A 2019 Frederick Nucifora da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins suka samu ƙaruwar furotin marasa narkewa da ƙaruwar yubikwitin a wani kashi na masu sikizofireniya, sauran kuwa ba su bambanta da masu lafiya ba, abin da matsakaici kaɗai zai iya ɓoyewa.

Duk abin da aka samu a tabbatar da shi ta hanya ta biyu, kuma a naman wani banki daban. Wajen rubutawa a ce an ga alamar ta bambanta a naman da aka adana bayan sa'o'i kaza da mutuwa, a mutanen da suka sha magani kaza, kada a ce ita ce ta haddasa cutar, domin naman gawa hoton ƙarshen rayuwa ne, cutar kuwa ta fara shekaru da dama kafin nan. Tambayar sanadi sai a kai ta ga ɓerayen da aka sauya wa gurbin, ko ga ƙwayoyin jijiya da aka raina a ɗakin gwaji daga fatar marasa lafiya masu rai. Ɗanyen bayanan na'urar kuma a ɗora su a rumbun PRIDE, ma'ajiyar bayanan furotin da ke intanet, tare da teburin tazarar mutuwa, pH da magani na kowane samfuri, bayan an cire duk abin da zai sa a gane mamacin.